Inda Buraima Zai Kafa Turke

Riyad, unguwar Nasim
Watan Shawwal, shekarar da aka bar mata su tuƙa mota

Zuwa ga Rabi, uwar Lailatu, a Tasawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da yara, da jikoki, da ƙafar nan taki mai tashi in damina ta faɗi. Ni ma lafiya lau, sai godiyar Allah. Abdou ne yake rubuta mini, mai gadin nan na unguwar jakadu, mutumin Mirya, kin san shi a bakina. Zai ɗauki hoton takardar ya tura wayar Lailatu ta karanta miki. Ya ce me zai hana in kira ki kawai. Na ce a waya mutum yana katse mutum, ni kuwa wannan maganar ba na so a katse ta.

Kin tuna shekarar da rokoki suka faɗo Riyad. Ba na kwanan nan ba, na farko, na yaƙin Kuwait, lokacin da ni da ke muka bi tagogin gidan nan muna manna salatif saboda tsoron iskar guba, jiniya tana kuka, ke da goyo a baya. Can maganar take. Amma bari in fara ba ki ta yau.

An gama da ni a nan. Tun da maigidana Abu Mish'al ya rasu, ɗansa Mish'al ne kafilina, wato a ƙarƙashin sunansa nake zaune a ƙasar. Makon jiya ya kira ni falo ya zaunar da ni a kan kujera, kin san ban taɓa zama a kujerun falon nan ba, ya zuba mini gahawa da hannunsa. Ya ce, "Ammu Ibrahim," wato baffa, haka suke kirana, "idonka ya gaji, ga matata kuma tana koyon mota." Ba za a sabunta iƙamata ba, takardar izinin zama. Bayan babbar salla za a buga mini fita ta ƙarshe. Na ce to. Na fito na wanke motar, ko da yake da safe na wanke ta. Abdou ya tambaye ni me na ji. Na duba ban sami komai ba. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Saura tafiya ɗaya. Kin san duk shekara in zafi ya yi zafi mutanen gidan nan sukan gudu kudu, dutsen Suda, bayan Abha, su yada zango a bakin gandun dajin gwamnati. Yadda ake yi shi ne direba ya riga su da wanit, wato a-kori-kura, ɗauke da tantuna da dardumai da tukwane da tulun gas. Inda ya kafa turke, nan gida zai sauka. Mish'al ya ce, "Wannan ta ƙarshe ce, kai za ka zaɓa, kamar zamanin Baba. Ba mai sa maka baki."

Zango biyu ne. Na ƙasa yana bakin kwalta. Akwai famfo, akwai makewayi, akwai wutar lantarki, akwai mai gasa masara, garin Abha kuma ga shi nan. Na sama kuwa sai ka bar kwalta ka kama hanyar tsakuwa mai lanƙwashe-lanƙwashe, ka wuce wani ɗan ƙauye da gonakinsa masu hawa-hawa kamar matakala, har ka shiga cikin itatuwan nan da suke kira ar'ar. Ba ruwa, ba wuta. Birai sun fi mutane yawa, kuma ba su da kunya. Da la'asar gajimare yakan sauko ya zauna a kan mutum.

Na saman kin san shi. Shi ne inda muka sauka a shekarar rokoki, da muka gudo muka tarar kowane ɗaki a Abha da mutum a ciki, ga hunturu. Shi ne inda sanyi ya shiga ƙirjin yaronmu na fari.

Tun daga shekarar nan, duk zuwan da muka yi, can nake kafa turke. In na zo hutu kin ce ina kuka je bana, sai in ce Abha. Ke ba ki ƙara tambaya ba, ni ban ƙara bayani ba. Bana ma can zan kafa. Ba shawara nake nema ba, na riga na gama. Abin da ya sa na rubuto shi ne, bayan wannan babu mai sake zuwa. In kina da saƙo, ki faɗa in kai.

Mutanen gidan lafiya. Uwargida Ummu Mish'al ta tsufa, ba ta fita, bana ba da ita za a je ba. Mish'al ya samu ɗa, Uwais, yana ɗan fama da fuka, wannan ne zuwansa dutse na farko.

Ki ce wa ɗanmu Moussa kada ya taɓa itacen dalbejiyar ƙofar gida, na ji yana maganar sarewa. Ki gaida Gogo da duk mai tambayata. Haza wassalam.

Ni ne,
Buraima.

*

Tasawa

Zuwa ga Alhaji.

Wa alaikumus salam. Mun ga takarda, mun gode. Muna lafiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Moussa ya rufe ɗakinka da kwano, saura ƙofa. Dalbejiya tana nan, ba wanda ya taɓa ta, kana can kana faɗa da inuwa. Ƙafata ma tana nan, ta fi ka jin magana, in na ce ta zauna tana zama.

Maganar fita ta ƙarshe, alhamdu lillahi. Da ma na daɗe ina cewa kai ba za ka dawo da ƙafarka ba sai an koro ka. Ka tafi da baƙin gashi, jikokinka sun san ka a hoto da kwalin dabino. Ka zo ka zauna su san muryarka. In ba ka ji komai ba, ba laifi, ka taho da rashin jin naka, akwai wurin ajiyewa.

Ka ce ban ƙara tambaya ba. Da wane bakin zan tambaya, Alhaji? Ɗan fari ne. Ka san yadda aka raine mu. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ke za ki fara gudu ba. Yana da rai ban kira shi ba, sai da ya tafi zan buɗe baki? Da na dawo gida da cikin Lailatu, mata suka cika zaure da tsakar gida gaisuwa. Na ce musu Allah ya karɓi abinsa, na tashi na ɗora tukunya. Aka yaba mini. Har yau in yarinya ta cika kuka sai a ce ta je ta ga Rabi.

Ashe kai kana zuwa. To, madalla. Wani ya je.

Saƙo ba ni da shi. Me zan ce masa? Ko magana bai fara ba.

Amma ka tsallake wata magana da gudu kamar mai tsallake kwata. Mish'al ɗin da nake share wa majina, wai shi ne da ɗa. Watan yaron nawa? Fukar tasa mai tashi in iska ta yi sanyi ce? Uwarsa ta san inda za ka kai su, ko ita ma Abha aka ce mata?

Ka gaida Abdou, Allah ya ba shi ladan haƙuri da kai. Ka gaida Ummu Mish'al, ka ce Rabi ba ta manta bargon da ta ba ta ba. Wassalam.

Rabi'atu.

Baba, ni ce Lailatu. Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma neman izinin ƙara layi kaɗan a ƙasan na Inna.

Ni dai suna kawai na sani, Almustafa, shi ma a bakin Gogo na ji ina yarinya, ta kuma gargaɗe ni kada in faɗa a gaban Inna. Duk rayuwata na ɗauka a Riyad yake. Ban san ina da yaya a kan dutse ba. Da nake karanta takardarka, Inna tana tsintar wake. Ba ta ɗago ba. Da na zo wurin birai da gajimare ta ce in maimaita, na maimaita, ta ce ci gaba. Tuwonta na dare yara ta ba.

Roƙona biyu ne. Na farko, tunda an ce idonka ya gaji, kada ka tuƙa wannan doguwar hanya kai kaɗai. Na biyu, in ka je ka ɗauko mana hoton wurin. Ina ganin muna da haƙƙin gani.

'Yarka mai biyayya,
Lailatu.

*

Riyad, unguwar Nasim
Farkon Zulƙida

Zuwa ga Rabi, da Lailatu mai biyayya da ba ta fasa ba ubanta umarni ba.

Assalamu alaikum. Na ga taku, na gode. Ina lafiya. Na fara ɗaure kaya a kwali. Mutum ya shekara talatin da wani abu a ɗaki, ya zo tattarawa ya ga duk abin bai cika bayan wanit ba. Ummu Mish'al ta amsa gaisuwa. Ta ce wace Rabi, na ce Rabi ta shekarar rokoki, sai ta ce, "Miskina," wato baiwar Allah. Ban san ko ta gane ba.

Lailatu, maganar tuƙi, Abdou ya karɓi hutu zai raka ni, da ma tanti ba ya tashi da mutum ɗaya. In mun kai hawan dutse zan ba shi sitiyari, ba don idona ba, don ya koya. Maganar hoto kuwa, hoton me? A ƙasar nan ba a rubuta suna a kabari. Dutse ne a kai, dutse a ƙafa, kamar na kowa. In na ɗauko miki ba za ki san wanne ba ne. Ni na sani. Akwai wani ar'ar mai kututture biyu da ya tsage tun daga gindi, a jikin katangar duwatsun maƙabartar ƙauyen. Yana ƙarƙashinsa, ta ɓangaren alƙibla. Daga bakin tanti ina ganin itacen.

Ku ba ku san aikina a garin nan ba, kun ɗauka tuƙi ne kawai. Duk Bahaushen da ya rasu a Riyad tun zuwana, in danginsa sun zo suna neman inda yake kwance a maƙabartar Nasim, ɗakina ake kawo su. Issoufou maɗinki, yana kusa da katangar gabas, shekarar da ƙanƙara ta farfasa gilasan motoci. Inuwa Bakano da ya faɗo daga gini, yana bayansa kaɗan, ranar ana azumi. Ban yi lakwal ba, makarantar boko, ban iya riƙe biro ba, amma ban taɓa kai mutum kabarin da ba nasa ba. Ni da nake riƙe da na mutane, in zo ta ƙarshe in bar nawa, in je in kwana kusa da mai gasa masara?

Abu Mish'al ya sani. Shi ya shiga ramin ya karɓe shi daga hannuna, rigarsa fara duk ta yi ja da ƙasa. Daga ranar har ya mutu bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Amma duk shekara in yara sun fara ƙorafi, birai sun kwashe burodi, ba makewayi, ga wancan zangon can mai wuta, sai ya ce, "Inda Ibrahim ya kafa, nan ne." Shi ke nan, magana ta ƙare. Mish'al a lokacin yaro ne, birai kawai yake tunawa. Bai san dalili ba, ni kuma ban ga abin faɗa ba. Na ce masa sama za mu, ya ce, "Yadda ka so, Ammu, na riga na ba ka."

Rabi, kin yi tambaya uku. Fukar mai tashi da sanyi ce. Yana da wani ɗan inji da ake jona wa wuta, a ɗora masa a hanci ya shaƙi magani. Na riga na sa janareta a cikin kaya, na gwada shi, yana tashi bugu ɗaya. Kuma yanzu ba hunturu ba ne. Wancan karon ruwan buta daskarewa yake yi. Yanzu sanyin bai wuce na mutum ya jawo bargo ba.

Uwarsa ta sani. Shekaranjiya bayan la'asar ta zo har ƙofar ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba, yaron yana kafaɗarta. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai Lailatu ba. Ta ce, "Ammu, an ce wurin yana da kyau."

Na ce yana da kyau.

Ta ce, "Daga can zuwa asibiti fa?"

Na ce in gari a buɗe yake, ba wani nisa ba ne.

Ta ce, "In ba a buɗe yake ba?"

Na ce sai a jira gajimare ya tashi, don hanyar ba ta biyuwa a makance. Ban ɓoye mata ba, ni ba na ƙarya a kan hanya.

Ta tsaya tana kallon kwalayena. Yaron ya miƙo hannu yana son carbina. Ta ce, "Tayyib," wato to, ta juya. Ba ta ce in sauya ba. Mijinta ya yi alkawari a gaban mutane, ita kuma 'yar mutunci ce. Na zauna ina jira in ji wani abu a raina, ban ji ba. Na ci gaba da ɗaure kwali.

Abdou ya ajiye biro a nan. Ya ce, "Tsoho, wallahi jakin Mirya ya fi ka sauƙin juyawa." Na ce rubuta har da wannan, su san irin marubucin da Allah ya haɗa ni da shi. Ya ce in je in kafa musu a ƙasa, ni in riƙa hawa ziyara. Na ce direban gida ba ya barin gida, daga sayo ƙanƙara sai kai mata kasuwa, ina lokacin hawa? Kuma ni ba ziyara nake zuwa ba. Kwana nake zuwa yi kusa da shi. Sau ɗaya a shekara yaron nan yana da wani nasa a kusa.

Kin tambayi watanninsa. Ya fara rarrafe. Kada ki ce komai, na sani.

Ranar Asabar za mu ɗau hanya, su kuma su biyo ta jirgi. Ku gaida kowa. Haza wassalam.

Buraima.

*

Tasawa

Zuwa ga Alhaji.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gero ya fito, an fara noman fari. An sa wa ɗakinka ƙofa.

Ka ce kada in ce komai. To, ba zan yi faɗa da kai ba, na tsufa da wannan. Abin da na sani kawai zan faɗa, tunda kai ne mai riƙe da na mutane, ka haɗa da wannan ka riƙe.

Kai a waje kake a kwanakin nan. Kana ɗaure igiya, kana neman itace, kana tone tayar mota daga laka. Ban ce ba ka yi ƙoƙari ba. Amma ni ce a ciki. Ni na san yadda ƙirjin yaro yake yi in iska ta ƙi shiga, kamar 'yar kyanwa a cikin buhu. Ka sa kunne, ka ɗauke kunne, ka sake sawa. Ba ka iya yi masa numfashin. Matar nan, ko janaretanka ya tashi bugu ɗaya, ko yaron bai yi tari ko sau ɗaya ba, haka za ta zauna daga ranar da ta sauka har ranar da za ta tafi, kunnenta a ƙirjinsa, idonta a kan gajimare. Ta ce maka tayyib. Ni ma na ce Allah ya karɓi abinsa na ɗora tukunya. Na san irin wannan to ɗin, Alhaji. Kai ma ka sani, ita ka ce wa Mish'al a falo.

Wanda yake ƙarƙashin itacen nan ba ya jin sanyi yanzu. Na matar nan yana ji.

Ban ce ka sauka ƙasa ba. Tun yaushe kake jin maganata? Turkenka ne, gudumarka ce.

Sai dai akwai abin da ka faɗa wa Lailatu da ya hana ni sakat. Ka ce daga bakin tanti kana ganin itacen. Ranar nan da hantsi kuka ɗauke shi a cikin farin mayafin Abu Mish'al. Mata ba sa bi, na sani, ban ma yi yunƙuri ba. Na zauna a cikin tanti, Ummu Mish'al ta lulluɓa mini bargo ta riƙe wuyan hannuna. Ni a zatona mota kuka shiga kuka kai shi cikin gari, can nesa. Ina zaune sai na ji ƙarar diga tana dukan dutse, kusa, a bayan tantin. Na ɗauka mutanen ƙauyen ne suke gyaran gona. Har na ji haushinsu, na ce a raina mutanen nan ba su da ta ido, yau ma sai sun yi aiki. Kuka bai zo mini ba, sai na zauna ina sauraren digar nan, don ita kaɗai ce abin saurare. Ta daɗe. Sannan ta tsaya.

Duk shekarun nan in na ji ana haƙa a unguwa sai in tuna manoman nan marasa kunya. Yanzu ka zo ka ce kana ganin itacen daga bakin tanti.

Ka gaya mini gaskiya, tunda ka ce ba ka ƙarya a kan hanya. Manoma ne, ko ku ne?

Na ce ba ni da saƙo. Na samu. In ka je ka ce, Almustafa, uwarka tana gaishe ka. Ka ce ba ƙin ka ta yi ba, kunya ce, haka aka koya mata. Shi ke nan.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da kai. Wassalam.

Rabi'atu.

Baba, Lailatu ce. Sunan da za a karanta maka a sama ba ni na ƙara ba. Da bakinta ta faɗa. Na tsaya da rubutu, ta ce rubuta mana, ko ba ki iya ba ne? Da na gama ta sa na karanta mata wurin, sannan ta ɗauki mayafi ta tafi gona, ko da yake Moussa ya hana ta saboda ƙafar. Hoton na yafe. Ka amsa mata tambayarta kawai.

*

Dutsen Suda
Lahadi, kafin magariba

Zuwa ga Rabi.

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya. Takardarki a hanya ta same mu, bayan Wadi Dawasir, Abdou ya karanta mini a gidan mai. Muka sha mai muka ci gaba.

Mun wuce zangon ƙasa da azahar, ya fara cika. Abdou ya rage gudu ya dube ni. Na ce wuce. Muka hau. Wurin yana nan yadda yake, birai sun fito tarba. Na kafa turke inda na saba, muka tada ƙaramin tanti.

Da la'asar gajimare ya sauko. Wanit ɗin tana nan gabana, na daina ganinta.

Tambayarki na san amsarta, amma ban so in ba ki daga ka ba. Na shiga tantin na zauna ta gefen da kika zauna, na saki ƙofa. Duk zuwan da nake yi ban taɓa zama ciki da rana ba. Na ce wa Abdou ya ɗauki guduma ya bi katanga har gindin itacen, ya bugi dutsen katangar ta waje. Ya ce na haukace. Na ce je ka dai.

Na ji, Rabi. Kamar a bayan kunnena.

Ba manoma ba ne. Mu ne. Mutanen ƙauyen suka kawo diga, ƙasar duk dutse ce, muka riƙa karɓa-karɓa. Ni ma na riƙe ta. Kina jin mu tun daga farko har ƙarshe, ashe kin raka shi.

Abdou ya buga sau biyu ko uku ya dawo, ya same ni inda ya bar ni. Na daɗe ban fito ba. Ƙafar nan da na ce miki an daɗe ana zaune a kanta, ta fara motsi. Ba daɗi.

Saƙonki ban kai ba tukuna. Na je bakin katanga, na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ashe ni ma ban taɓa kiransa ba.

Su Mish'al sai jibi. Daren yau nawa ne, ba na kowa ba. Ki gaida yara, ki ce wa Lailatu na amsa.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan asuba zan tsallaka katangar in faɗa masa yadda kika ce, da sunan, ko zai kai ni hantsi. Sannan in cire turakun, mu sauka ƙasa mu kama wuri kusa da famfo, inda wayar wuta take kaiwa, kafin mutanen Jidda su cinye wurin.

Wassalam.
Buraima.